Hular da Malam Jaji Ya Zana da Kunne

Tsofaffin takardu ne suka kai Meram shagon Mista Edward da ke kan hanyar kasuwar Azare, zanen hulunan mahaifinta da suka ci ninki har sun fara yagewa. Kwafi kawai ta zo a yi mata ta koma. Tana shiga ta tarar da kwamfutar shagon tana aiki ita kaɗai. Layuka masu launi suna fitowa, suna murɗewa, suna haɗuwa su zama fure, ga wani siririn sauti yana bin su kamar kukan 'yan tsaki. A shekarar 1997 ne wannan, lokacin da ganin kwamfuta ma abin tsayawa kallo ne.

"Wa yake zanawa?" ta tambaya, ko gaisuwa ba ta yi ba.

Saurayin da ke aiki a shagon ya ɗago. Umara ke nan, dogo siriri, iyayensa mutanen Gaidam ne da suka daɗe a Azare.

"Ba kowa," ya ce. "Umarni na rubuta mata. A ba ta lamba, ita kuma ta yi ta canki-canki, ta zana abin da ya zo, ta rera abin da ya zo. Faɗi lamba ki gani."

"Goma sha bakwai."

Ya danna. Ta daɗe tana kallo, sannan ta taɓe baki.

"Ta iya jan layi, amma ba ta da tarbiyya. Wa ya taɓa ajiye ja kusa da ruwan goro?"

Umara ya yi dariya har da buga tebur. Tun ranar ya raɗa mata suna Mai Allura, ita kuma take ce masa Malam Canki. Kwafin da ake gamawa a minti biyar sai da ya cinye musu hantsi.

Akwai abin da Meram take ɓoyewa. Mahaifinta, Malam Jaji, shi ne mai zanen hula da ake ji da shi tun daga Azare har Katagum. Shi yake zanawa a farin ƙyalle, mata su bi da allura da zare. To shekara biyu ke nan da idonsa ya mutu. Yana zama a zaure cikin baƙin tabarau, yana gane mutane ta murya, Meram kuma tana cikin gida tana kwaikwayon tsofaffin zanensa da sunansa. Daga ita sai ƙanwarsa, Gwaggo Ya Gana, suka san maganar. Malam ya fi son ya mutu da a ce masa makaho.

Amma masu sayen hula ba sa son tsoho, kullum sabo suke nema, ita kuwa kwaikwayo kawai ta iya. Wata rana ta fashe da kuka a shagon, ta faɗa wa Umara komai. Ya buga mata zane biyar a takarda, ya ce ta zaɓa ta gyara. Haka suka yi wata huɗu, tana gyara wa inji launi, so yana shiga tsakaninsu ba sallama. Har iyayen Umara sun fara maganar turo manya.

Sai Babayo ya shigo ciki. Dillalin huluna ne, ya taɓa neman Meram ta ƙi shi, kuma irin mutanen nan ne da ba sa mantuwa. Ya ga takardun a teburin shagon, ya ga irin zanen a kan hula, ya haɗa ɗaya da ɗaya. Bai zame ko'ina ba sai zauren Malam Jaji, a gaban mutane.

"Malam, ashe yanzu inji ke yi maka zane? Ai da ka faɗa mana idon ne ya gaza, da mun taya ka addu'a."

Da mutane suka watse, Malam ya ce a miƙo masa sabuwar hula. Ya bi ɗinkin da yatsunsa a hankali, daga ƙasa har sama.

"Wannan ba zanen gidan nan ba ne," ya ce. "Meram, kin kai makantata kasuwa. Yaron nan Umara ya tona mini asiri. Muddin ina numfashi, kada ya ƙara taka ƙofata."

Daga ranar bai sake fita zaure ba. Ya rage cin abinci, ya rage magana. Meram ta rame, ga baƙin cikin uba, ga zargin da ke cin ta, don ita ma ta ɗauka Umara ne ya faɗa. Ta rubuta masa layi biyu, Gwaggo ta kai.

"Umara, kai kaɗai na faɗa wa. Ka kashe mini uba da ransa. Allah ya isa ban ce ba, amma kada ka neme ni."

Amsa ta dawo washegari.

"Mai Allurata, wallahi ban faɗa wa kowa ba. Laifina na bar takardu a fili, kuma laifi ne babba. Laifin da ya fi shi, na ba ki zanen da ba shi da uba, kika sa masa sunan Baba. Ki aiko mini da tsofaffin zanensa, ki rubuta mini sunan kowace siffa yadda yake kiran ta. Ko ba za ki aure ni ba, ki bar ni in gyara ɓarnata. Naki, Malam Canki."

Ta karanta ta yi kuka, ta sake karantawa ta sake yin kuka. Sannan ta zauna ta rubuta masa siffofin goma sha biyu: sarƙa, tsani, ƙafar kaza, idon tantabara, da sauransu.

Wata biyu ba labari. Ran nan da safe sai ga Umara a ƙofar gida, ya turo kwamfutar Mista Edward a baro, an lulluɓe ta da bargo kamar mara lafiya. Gwaggo Ya Gana ce ta shigar da shi, ta ce in akwai faɗa a yi da ita. Aka yi sa'a akwai wuta.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakin. "Baba, ina kwana."

"Na ce kada ka zo."

"Ka faɗa, Baba. Ka saurari abu guda, sannan in tafi."

Ya danna. Injin ya yi wani sauti mai kauri. "Wannan sarƙa ce." Ya sake, aka ji siriri mai hawa. "Wannan tsani." Haka ya bi siffofin ɗaya bayan ɗaya, kowace da muryarta. Ya share duk abin da kwamfutar ta sani a da, yanzu ba ta da abin haɗawa sai siffofin Malam Jaji, kuma duk wadda ta zana sai ta rera ta.

Malam ya juya fuskarsa bango. Umara ya sa lamba, injin ya fara rera zanen da ya haɗa. Meram tana laɓe a bayan labule. Ba a je ko'ina ba sai tsohon ya daka tsawa.

"Tsaya! Wane jahili ne yake bin tsani da ƙafar kaza? Sai an raba su da sarƙa!"

"A gyara, Baba?"

"Gyara mana! Sa wata."

Meram ta toshe bakinta da mayafi. Rabon da ta ji wannan muryar tun kafin idon ya tafi. Har azahar ana yi, yana korar wannan, yana zagin waccan, yana sa a juya wata. Ya ma nemi a kawo masa fura. Da aka zo lamba ɗari uku da tara sai ya ce a maimaita. Aka maimaita sau uku. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

"Ina ganin ta," ya ce a hankali. "Wallahi ina ganin ta. Meram, fito, na san kina nan. Shuɗi da fari za ki sa, ban da ja. Ki ɗinka ta daidai kan yaron nan. Da ita za a ɗaura aure."

Umara ya sunkuyar da kai ƙasa.

Ɗinkin hula irin wannan ba ya son gaggawa. Meram tana ɗinkawa a gefen tabarmar mahaifinta, kullum yana shafa inda ta kai yana cewa ta matse zare. Ta ci rabi ke nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Sauran rabin ita kaɗai ta ƙarasa, ba mai ce mata ta matse zare, ita kuwa tana ta matsewa har yatsunta suka fashe.

Bayan an yi sadakar arba'in aka ɗaura auren a zauren nan nasa. Tsofaffin abokan Malam da suka zo daga Katagum da garin Yana suna ganin hular a kan ango suka ce, "Wannan hannun Jaji ne." Babu wanda ya musa, har Babayo.

Sati guda da tarewa, Meram ta bi mijinta shago. Mista Edward ya yi musu barka, ya fita ya ba su wuri.

"Malam Canki," ta ce, "in aka sa lambar, abin da Baba ya ji shi za ta sake rerawa?"

"Shi ɗin dai, Mai Allurata. Ko bayan shekara nawa."

"To sa mini."

Ya danna ɗari uku da tara. Ta rufe idonta don ta ji yadda Babanta ya ji, ta riƙe hannun mijinta, tana kuka tana kiran sunayen siffofin: sarƙa, tsani, sarƙa, idon tantabara.

Allah ya jiƙan Malam Jaji, ya haskaka makwancinsa. Su kuma Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.