Tsuntsun Ƙarshe a Lakar Vanga

Wani tsuntsu ne ya haɗa su, mai dogon baki a lanƙwashe, irin waɗanda ke cika lakar Vanga, a bakin tekun Kenya, idan iskar kaskazi ta taso daga arewa. Ya sarƙe a ragar Makame da hantsi, yana ta fuffuka. Mwanasiti za ta asibitin da take aiki, sai ya roƙe ta ta riƙe masa fukafukan. A ƙafar tsuntsun akwai ɗan zoben ƙarfe da sunan wani gari wanda dukansu ba su taɓa ji ba. Suka sunkuya suna karantawa har goshinsu ya kusa haɗuwa. Da suka sake shi ya tashi, su ba su tashi ba.

Ita a Mombasa ta girma wurin gwaggonta, teku daga nesa ta san shi. Shi masuncin tsibirin Pemba ne, cikin masu zuwa su kafa bukka a bakin ruwa, su koma gida kafin iskar kusi ta juyo daga kudu ta haukata teku. Yana kiranta Kanumfarina, tana kiransa Baƙo.

Mahaifinta, Mzee Mbwana, wato dattijo Mbwana, bai yi dariya ba. Ya ce mutanen Pemba tare da tsuntsaye suke zuwa, tare suke tafiya, kuma wani irinsu ne ya bar ƙanwarsa da jira har ta yi furfura. Makame ya durƙusa ya ce zai je ya taho da kawunsa a nema masa aure.

"Je ka," in ji tsohon. "Amma in tsuntsun ƙarshe ya bar lakar nan ba ka dawo ba, kada ka dawo."

Ya tafi a ƙarshen Maris. Saƙonsa ya zo ta waya da la'asar: "Na sauka lafiya, Kanumfarina. Kawu ba shi da lafiya, da ya miƙe za mu taso. Riƙe mini tsuntsayen."

Ta yaya ake riƙe tsuntsu? Kullum da safe, idan ruwa ya janye, sai ta tsaya a kan ganuwar bakin teku tana dubawa. Sun yi ƙiba, ƙirjin wasu ya yi ja, na wasu ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa musu gawayi. Su tashi garke guda, su kewaya sau biyu, su miƙe arewa. Lakar da ba ta da masaka tsinke ta koma fili.

Kusi ta iso da ruwan sama. Aka kawo labari wani jirgin Pemba ya kife a tsakiyar mashigin teku, mutum huɗu ba a gan su ba. Ba na Makame ba ne, amma daga ranar abinci ya daina shiga mata. In ya jira, tsuntsaye su ƙare. In ya taso, teku ya ci shi. Ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Baƙo, kada ka taso. Gara in rasa ka kana raye."

Amsa ba ta zo ba. Wayarsa a kashe, sati ɗaya, sati uku. Suleimani, mai jirgin injin da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido, ya fara kawo wa tsohon garin gahawa, yana cewa a kunnenta ai kowane ɗan Pemba da matarsa a gida. Ta ce masa ya je ya wanke injinsa, amma maganar ta zauna mata a ciki.

Kullum in ta dawo, mahaifinta na gyaran kwandon kamun kifi ba ya ko ɗaga kai.

"Akwai saura?"

"Tara, Baba."

"To."

Tsakiyar Yuni, ran wata Talata, motar haya daga kan iyaka ta sauke wani saurayi ramamme da dattijo mai sanda, da buhun kanumfari. Makame ne da kawunsa. Ya gwada tasowa da jirginsa, igiyar ruwa ta karya sandar jirgin, ta tafi da wayarsa, da ƙyar aka ja su baya. Sai suka jira babban jirgi zuwa garin Tanga, daga nan suka biyo ƙasa. Bai ko gaida kowa ba, ya nufi ganuwa da gudu, inda Mwanasiti ke tsaye. Tsuntsaye bakwai na kiwo a laka, ɗaya da ɗan zobe a ƙafa.

Mzee Mbwana ya tako ya tsaya a tsakaninsu. Ya ce shekara sittin yana kallon lakar nan, bai taɓa ganin ta babu tsuntsu ba. Tsuntsaye 'yan shekarar farko ba sa tafiya, sai ƙarfinsu ya kawo. Masuncin da bai taɓa kwana nan da kusi ba, da 'yar birni, ina za su sani?

"Baba, ka bar ni ina mutuwa a tsaye?"

"So na yi in ga ko zai dawo lokacin da babu kifin da zai kawo shi." Ya share ido da gefen hularsa. "Ranar da jirgin nan ya kife na so in haɗiye maganata. Ku yafe mini."

Bayan Juma'a biyu aka ɗaura aure. Aka ci shinkafa da kwakwa, aka sha gahawa da alewa, gwaggon Mombasa ta yi guɗa har muryarta ta dishe. Makame ya gina ɗaki a Vanga, ƙofarsa na kallon laka. Allah ya ba su zaman lafiya, ya dawo da duk wanda ake jira.