Firaima Ba Lalle Ba Ne

Ranar da Yaya Ramlat ta yi aure ta koma Safana da zama, duniya ta tsaya cak. Kajin gidan ne kawai ba su samu labari ba, suka ci gaba da tonon ƙasa.

Wadda duniyarta ta tsaya yarinya ce 'yar aji shida a Batsari. Ita ce ƙaramar gidan, kowa Auta yake ce mata. Tare suke kwana da Yaya Ramlat, tare suke cin tuwo a kwano ɗaya. Yanzu tuwon ya yi mata yawa.

Safana ba nisa. Amma hanya ba kullum take da lafiya ba, Baba kuma ba ya barin yara su bi ta haka kawai. Wata huɗu ke nan Auta ba ta ga yayarta ba. Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta leƙa. Yawanci mai gyaran rediyo ne.

Yaya Ramlat gwanar kwalliyar amare ce. Tana ƙunshi, tana kuma liƙa farcen kanti. Ta bar wani ƙaramin akwatin kayan aiki a ɗakin Inna.

Wata rana ta bugo waya.

"Auta, ran kasuwa ina zuwa. Idan na ga kina da natsuwa, zan roƙi Baba mu tafi tare ki yi hutu. Ina da biki, ina son mai taya ni."

"Yaya, ina da ita! Wallahi da yawa!"

"To, za mu gani. Kada dai ki taɓa akwatina."

Auta ta ce to. Ta kuma riƙe alkawarin har kwana biyu cur.

A rana ta uku, da hantsi, Inna tana surfe a tsakar gida. Auta ta buɗe akwatin. Tana so Yaya ta zo ta iske ta riga ta iya. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai burushi a murfinta. Ta san sunanta, firaima. Ta sha ganin ana shafa shi kafin a liƙa farce.

Abin da ba ta sani ba shi ne yawan da ake shafawa. Amma ta san lalle. Lalle, in kana so ya kama, sai ka lafta shi da kauri, ka ɗaure da leda, ka yi haƙuri.

Haka ta yi. Ta lafta firaima a yatsu uku na hagu, farce da fata duka. Ta ɗaure da leda.

Ba a jima ba ta ji zafi.

"Yana kamawa," ta ce a ranta.

Zafin ya ƙaru. Ta cije leɓe. Daga baya leɓen ya ƙi cijuwa.

"Wayyo Inna!"

Inna ta yar da taɓarya. Ta yage ledar, ta yi ta kwarara ruwa a yatsun har buta uku. Fatar gefen farce ta yi jawur, ta ɗan tashi.

"Ke ɗiyar nan, mi kika sa?"

"Firaima ne."

"Wa ya ce ki ɗaure shi?"

"Lalle ai ɗaure shi ake yi."

"Kuma da kin liƙa farcen, da mi za ki yi alwala? Ruwa ba ya ratsa roba."

Auta ba ta yi wannan tunanin ba. Inna ta kai ta wurin ma'aikaciyar asibiti, aka sa magani, aka naɗe.

Ran kasuwa babur ya tsaya a ƙofar gida. Wannan karon Yaya Ramlat ce. Auta ta ruga ta rungume ta da hannu ɗaya. Ɗayan yana cikin hijabi.

Aka gaisa, aka tambayi mutanen Safana da damina da hanya. Sai Yaya Ramlat ta ce, "Auta, hannun hagu tafiya ya yi?"

Auta ta fito da shi. Hawaye suka zubo.

"Yaya, na taɓa akwatinki. Ki yi haƙuri. So nake ki ga na iya, ki tafi da ni."

Yaya Ramlat ta daɗe tana duban yatsun. Sannan ta ɗauko kwalbar.

"Zauna ki gani. Aikin firaima shi ne ya cire maiƙon farce, don na kanti ya kama. Da farko a goge farcen kaɗan, a kaɗe ƙurar. Sai a share burushi a bakin kwalba. Ɗigo ɗaya ya isa, a kan farce kawai. Kada ya taɓa fata. Sannan a bar shi ya sha iska ya bushe."

"Ba leda?"

"Ba leda. Ba kuma a yatsun yara ba."

Auta ta sunkuyar da kai. "Yanzu ba za ki tafi da ni ba."

"Natsuwarki kam sai an ƙaro. Amma kin faɗi gaskiya tun ban matsa ba. Zo mu je wurin Baba."

Baba ya saurara. Ya tambayi mijin Yaya Ramlat labarin hanya ta waya. Sannan ya ce a tafi da rana tsaka, a dawo da ita da yatsu goma.

Daga ranar Auta ta gane abu biyu. In ba ka san yadda ake aiki da abu ba, ka tambaya kafin ka taɓa. Kuma ba kowane abu ne yake son yawa ba.

Ta yi sati biyu a Safana, kwano ɗaya da yayarta. A ranar ƙarshe aka ba ta izinin shafa firaima da hannunta. A bayan cokalin roba ta shafa. Cokalin bai yi ihu ba.