Muryar Cikin Rikoda

A rumfar gyaran waya ta kasuwar Zuru Dinah ta fara ganin Haggai. Ɗaliba ce, tana bincike kan yadda waya da finafinai ke sauya tarbiyyar matasa, tana yawo da 'yar rikoda.

Ta tambaye shi ra'ayinsa kan golmo, noman da saurayi kan yi wa mahaifin budurwa kafin aure. Don ya burge ta, sai ya saki baki.

"Ai bauta ce. Mu waya ta buɗe mana ido."

Daga tambaya sai saƙonni, daga saƙonni sai so ya kama su.

Kuskurenta ɗaya: ta kunna rikodar a tsakar gida tana kwafewa, mahaifinta Baba Abel na gyara ƙotar fartanya. Duk maganar Haggai ta shiga kunnensa. Ran da Haggai ya zo gaisuwa, tun daga sallama tsohon ya gane muryar.

"Shekara bakwai na yi wa marigayiya uwarki golmo," ya ce wa Dinah. "Ashe bauta na yi. Tashi ka tafi, yaro."

Ta yi kuka har idonta ya kumbura. Ta rubuta masa: "Masoyina, ni na jawo mana. Ka yafe ni."

Ya amsa: "Bakina ne, 'yar boko. Ki bari ruwa ya sauka."

Ruwan farko kuwa ya same shi a gonar Baba Abel. Golmo da tsararraki ake yi, amma nasa sun zo ne ɗaukar bidiyo suna dariya. Hannun da ya saba da ƙananan kusoshi ya yi kanta. Damina biyu yana noma, tsohon ko kallo.

A ta uku ciwo ya kwantar da Baba Abel. Wata safiya ya ce, "Ɗiyata, kawo abin nan naki mai kama magana."

Bai kai kaka ba.

Bayan girbi aka ɗaura auren a coci, kujerar marigayin ba kowa. Dinah ta kara rikodar jikin lasifika. Muryar ta fito a dushe:

"Haggai, kunyarka a karkace take, nomanka sai a hankali. Amma ba ka gudu ba. Na ba ka ita. Allah Ya zaunar da ku lafiya."

Jama'a suka amsa da amin. Ango ya rufe fuska da hannuwansa masu kanta.