Muryar Baffa Kailu

Zalihatu na tsugune a falonsu na unguwar 220 Logements da ke Adjamé a Abijan tana gugar koriyar rigar ƙungiya, Inna Hajara ta shigo ko sallamar kirki babu, ta yi jifa da mayafi.

"To, hankalinki ya kwanta. Sun aiko, an fasa."

"Inna, an fasa me?"

"Aurenki mana. Mutumin da zai nema wa Nu'uman ke, shi kika tsaya wa a ka ƙiƙam gaban majalisa kina masa wa'azi? Ni a zamaninmu in na hango baffan ubanki, hanya nake sakewa."

Ga yadda abin ya faru. Zalihatu ɗalibar jami'a ce, ran Asabar takan bi wata ƙungiyar lafiya kyauta, suna roƙon mutane su daina busa sigari a gida da wurin zaman jama'a. Ran nan motar haya, wato gbaka, ta sauke su a unguwar Treichville, kusa da babban masallaci. A wata majalisar shayi ta ga Baffa Kailu, ƙanen mahaifin Nu'uman wanda ya riƙe shi tun yana maraya, sigari a baki, jikarsa a cinya tana ta tari. Ta gane shi sarai. Da ta durƙusa ta faɗa masa da Hausa a hankali, wataƙila da ba a kai nan ba. Amma ina, haihuwar Abijan ce: a tsaye ta yi magana, kuma Faransancin da aka koya musu a ƙungiya shi ya fito.

Baffa Kailu ya kalle ta sama da ƙasa ya ce, "Wannan ce surukar? Wallahi bakina ba zai taɓa nema masa ke ba."

Washegari Nu'uman ya taso daga magazarsu, wato rumbun ajiyar kayansu na bakin tashar jiragen ruwa, idanu jawur.

"Zali, yako, sannu. Amma ki taimake ni. Ki ajiye rigar nan, ki je ki ba shi haƙuri."

"Haƙuri zan ba shi, na yi rashin kunya. Riga kuwa ba zan ajiye ba. Ni na riƙe wa Babanmu kwano yana tofar da jini saboda sigari, Nu'uman. Ka manta?"

"Ban manta ba. Amma Baffa ne ubana yanzu, in bai nema ba wa zai nema?"

Ta je, ta durƙusa har ƙasa. Baffa Kailu ya kunna sabuwar sigari, ya bar ta a durƙushe har aka kira la'asar. Wai shi babba. Ta koma Adjamé tana kuka cikin gbaka, yaron mota na tambayarta ko rasuwa aka yi.

Shekaru suka ja. Ƙawayenta suka yi aure, matan unguwa suka sa mata suna Madam Hayaƙi, Inna ta daina zuwa biki don gori. Nu'uman bai bijire wa baffansa ba, bai kuma kalli wata ba. Ita ko duk Asabar sai ta goge rigarta ta fita, da ciwon abin a ranta.

Sai muryar Baffa Kailu ta soma dushewa. Ya ce mura ce, ya sha citta, ya ƙara da sigari. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ciwon daji ne a maƙogwaro. Aka yi aiki, rai ya tsira, murya ta tafi.

Abokan majalisa suka leƙo sau ɗaya suka ɗauke ƙafa. Zalihatu ce ke dama masa kunu mai ruwa-ruwa ta kai, ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta taɓa ce masa "na faɗa" ba. Wata rana ya kama hannun Nu'uman, ya nuna ta, ya ɗaga kai alamar ya amince, yana hawaye.

Ran ɗaurin aure liman ya ce, "Ina wakilin ango? A nema mu ji." Baffa Kailu ya matso cikin babbar rigarsa, ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya sake gwadawa. Jama'a suka sunkuyar da kai. Ƙarshe Malam Idris maƙwabcinsa ne ya nema, Baffa Kailu yana zaune a gefe.

Da labari ya iso Adjamé mata suka rangaɗa guɗa, amarya kuwa ta kifa kai a cinyar Inna.

"Inna, na samu Nu'uman, amma wallahi na so a ce shi ya nema da bakinsa."

Inna Hajara ta shafa mata kai.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, kuma Zalihatu ta dafa. Yara, ku faɗi gaskiya da ladabi. Ku kuma manya, in yaro ya faɗa muku ita ko a tsaye ne, ku karɓa tun kuna da bakin amsawa.