Sha Biyu a Ƙasa

Shagon Mai Agogo bai fi faɗin tabarma biyu ba, a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai hoto da mai sayar da magani. Nan wata budurwa ta same shi wata Talata da hantsi, gilashin ƙara girma maƙale a idonsa ɗaya, ya duƙufa cikin wani agogon bango. Sai da ta yi sallama sau biyu.

"Kana gyaran abin da ba agogo ba?"

Ya ɗago kai, gilashin ya suɓuce daga idonsa, da ƙyar ya cafe shi. Har gobe cewa yake gumi ne ya zamar da shi, amma mai hoto ya rantse ranar ko zafi ba a yi ba.

Ta warware hankici ta ajiye masa wani ɗan ƙarfe mai faɗin murfin kwalba, shuɗi da fari, da hoton fitila a tsakiya. Fil ɗin bayansa ya karye.

"Bajon nas ne. Ya girme ni, ya girme ka. Fil ɗin kawai za ka liƙa. Kada ka goge shi, kada ka wanke shi."

"Ai ya yi duhu, ranki ya daɗe. In na ɗan goge shi sai kin ga fuskarki a ciki."

"Ina da madubi a gida. Duhun nake so."

Nas ce a ɗakin yara na babban asibiti, a gida kuma Auta ake ce mata. Tun tana makaranta take tara kayan tsofaffin nas: bajo na makarantun jinya da aka rufe ko aka sauya wa suna, kan bel na azurfa, huluna masu sitaci da aka daina sawa. A bayan kowane bajo akwai lamba da shekarar da mai shi ta gama karatu. Wasu masu su ne suka ba ta da hannunsu, wasu kuma 'ya'yansu ne suka kawo bayan rasuwa, da ba su san abin da za su yi da su ba. Auta ta san sunan kowace mata da ɗakin da ta yi aiki.

Ya liƙa fil ɗin, bai goge komai ba. Bayan mako guda ta kawo kan bel da ya lanƙwashe. Abu na uku da ta kawo lafiyarsa ƙalau, ya juya shi gaba da baya bai ga ciwo ba, amma ya ce ta bar lambar waya, aikin zai ɗauki lokaci.

Daga nan saƙonni suka fara.

"Farar Hula, kin tashi aiki?"

"Wace ce farar hula? Mu da ke tsayuwar awa goma sha biyu ai sojoji ne. Hular ma an daina sa ta tun kafin in shiga makaranta."

"To soja, ki tausaya wa farar hula. Yau agogo talatin ne a gabana, kowanne ce mini yake kin daɗe ba ki zo ba."

"Tik-tik, ka yi aikin mutane. Gobe zan biyo bayan la'asar."

Wata shida suna haka. Yana son ta, tana son shi, ba wanda ya ɓoye wa wani. Abin da ya rage shi ne Umma, mahaifiyarta, kuma Auta ta gaya masa tun farko ba za ta auri wanda Umma ba ta sa wa albarka ba.

Duk unguwa Mataron suke ce wa Umma, alhali ba ta taɓa kai wannan muƙamin na shugabar nas-nas ba. Nas ce ta gaske a zamaninta. Marigayi mijinta mutumin kirki ne mai tausayi, kuma tausayin ne ya sa wata rana ya rubuta takardar ajiye aikinta ya kai ofis da kansa, don ta huta. Shekara tara ta yi a gida. Da ta koma, yaran da ta koya wa ɗaura bandeji su ne ke rubuta mata jadawalin aiki. Ba ta taɓa zagin marigayin ba, amma ta yi wa kanta alkawari ba za ta miƙa Auta ga wanda zai yanke mata hukunci da sunan so ba. Shi ya sa hankalinta ya fi kwanciya da wani likita da ke zarya gidan. Motarsa ba ta dame ta ba. A ganinta dai wanda ya san aikin ba zai raba 'yarta da shi ba.

Auta ce ta kawo dabara. Umma tana da agogon ƙirji, irin wanda nas ke maƙalawa a gaban riga da 'yar sarƙa, ya fi shekara goma da tsayawa. Ta ɗauko shi a ɓoye ta kai shago.

"Ka tayar da shi, ka kawo mata da hannunka ranar Asabar. In ta ji yana tafiya, rabin aikin ya ƙare."

Mai Agogo bai taɓa ganin irinsa ba, don Auta ba ta fitowa titi da kayan aiki. Ya wanke cikinsa, ya sauya abin da ya ci, agogo ya tashi. Sai ya lura da wani abu. In ka riƙe sarƙar agogon ya rataya, shida ce a sama, sha biyu a ƙasa. Ya girgiza kai, ya yi tsaki, ya ce wa mai hoto wani ɗan koyo ne ya taɓa buɗe shi ya mayar da fuskar a kife. Kwana biyu ya yi yana fama har ya juya ta, sha biyu ta koma sama kamar ta kowane agogon kirki. Bai kira Auta ba, so yake ya ba su mamaki. Ya kuwa ba su.

Ranar Asabar ya zo da sabuwar riga, ya durƙusa ya gaida Umma a falo, ya miƙa ƙunshin da hannu biyu. Ta buɗe, ta kara a kunne, fuskarta ta saki. Sannan ta duba gabansa. Auta da ke leƙe ta bayan kujera ta dafe baki.

"Wa ya ce ka juya shi?"

"Umma, a kife na same shi. Wanda ya gyara a da ne ya yi kuskure."

"Maƙala shi a rigarka."

Ya maƙala.

"Auta, ba shi tiren nan."

Aka ɗora masa tire da kofuna cike da ruwa, ya riƙe da hannu biyu.

"To, ɗan nan, hannuwanka duka suna aiki. Gaya mini ƙarfe nawa."

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa. Lambobin duk sun tsaya da ka. Ya karkata wuya hagu, ya karkata dama, ruwa ya fara zuba a tire.

"Nas hannunta ɗaya yana wuyan hannun maras lafiya tana ƙirga bugun jini, ɗayan yana riƙe da biro," in ji Umma, muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba. "Agogon nan don mai shi aka yi shi, ita ke kallonsa daga sama. Kai ka juya shi ya dace da mai kallonta. Aikinka yana da kyau, na ji yana tafiya. Amma ka ga abin da ba ka gane ba, ka ce kuskure ne, ka gyara ba ka tambayi kowa ba. Na taɓa zama da irinka. Ajiye tiren, ka gaida gida."

Ya fita ko takalmi bai sa daidai ba.

Kwana goma bai aiko saƙo ba. Kunya ce ta hana shi, ga kuma mai magani da ya ba shi labari cewa kullum motar likita tana ƙofar gidan, har an ga ya shiga da wani akwati mai kyau. Mai Agogo ya ɗauka an gama magana. Ita kuwa Auta ta ɗauka fushi yake don an kunyata shi, ta ce in dai girman kai ne, ita ma tana da nata. Ta rame, shi ma ya rame, kowa yana duba waya yana ajiyewa.

Maganar akwati gaskiya ce. Likita ya ji labarin tarin Auta, ya yi odar bajo ashirin sababbi fil, suna ƙyalli a kan jan ƙyalle. Auta ta juya su ɗaya bayan ɗaya. Babu lamba, babu shekara, ba wadda ta taɓa yin gumi a ƙarƙashinsu. Ta yi godiya ta rufe. Shi kuwa ya gyara zama ya juya wajen Umma.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Na riga na yi magana da na sama, da zarar an yi biki za a ɗauke ta daga ɗakin yara a mayar da ita ofis. Ta huta da wannan tsayuwar."

"Ka gaya mata?"

"Ai yanzu take ji. Na san za ta yi murna."

Umma ta ce wa Auta ta raka likita da akwatinsa, kada ya manta shi.

Da yamma Auta ta sauke nata girman kan.

"Tik-tik, shirun ya isa. Likita ya tafi da kayansa. Ni ban ce ka tafi ba."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Farar Hula, ba fushi nake ba, kunya ce ta kusa kashe ni. Wane lokaci Umma ta fi sakewa? Kuma in zo da kayan aiki ko in zo hannu sake? Daga yau komai sai na tambaya."

Washegari da hantsi ya zo da 'yar jakarsa. Bai buɗe ta ba. Ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Umma, na yi laifi, ba ni da hujja. Tambaya na zo yi. In mayar da shi yadda yake, ko in bar shi, ko kada in sake taɓa shi?"

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Mayar da shi. Nan a gabana."

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur ya fara kwancewa. Yana aiki yana tambaya. Me ya sa hannun sakan ɗin ja ne? Wannan lotsewar ta bayansa fa, a bar ta? Umma ta ce a bar ta, gadon wani yaro ne ya buge shi ranar da suka yi ta fama har ya farfaɗo. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ba shi labarin sitacin hula da ke yanka goshi, da Mataron ɗinsu ta da wadda ke auna tsawon riga da rula. An daɗe ba wanda ya tambaye ta waɗannan abubuwa, har shayinta ya huce ba ta sani ba. Auta tana tsaye a ƙofar kicin da wuƙa da albasa, ba abin da ta yanka.

Da ya rufe bayan agogon ya miƙa mata, ta maƙala a rigarta, ta sunkuya ta duba.

"Sha ɗaya da minti bakwai," ta ce. Ta ɗago ta dube shi. "Ɗan nan, in wata rana Auta ta dawo ƙafafu a kumbure, yaro ya mutu a hannunta, tana kuka tana cewa ta gaji, ta tsani aikin nan, ba za ta koma ba. Me za ka yi?"

Ya yi tunani, bai yi gaggawa ba.

"Zan ɗora ruwan ɗumi ta sa ƙafa, Umma. In ta ci abinci ta yi barci, in tambaye ta ko da gaske take."

"In ta ce da gaske take?"

"In bari a kwana uku in sake tambaya. Ko a nan ɗin ma, takardar ajiye aikin ita za ta rubuta da hannunta."

Umma ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Ni sau ɗaya na ce wa mahaifinta na gaji," ta ce. "Sau ɗaya tak, ina cire takalmi."

Auta ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ajiye wuƙar ta zo ta durƙusa ta rungume gwiwoyin uwarta, su biyun suka yi kukansu. Mai Agogo ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya shiga jera sukurdirebobi da ya riga ya jera.

Umma ta share fuska da gefen mayafi.

"Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tsofaffin nas sun zo da yawa, wasu da sanda, suka cika falo da hayaniya, kowacce tana ba ango umarni kamar sabon ɗalibi, shi kuwa yana ta "to, Mama". Mai hoto ya ɗauki hotuna yana ba duk wanda ya tsaya labarin gilashin da ya faɗo.

Da aka zo tafiya da amarya, Umma ta kama hannun Auta ta sa a na mijinta.

"Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari." Ta juya ga 'yarta, murya ta sauka. "Ke kuma ki gaji son ranki, ki faɗa da ƙarfi a cikin gidanki. Ba abin da zai same ki."

Aka amsa da amin. Ranar Litinin ta sama, ƙarfe bakwai saura kwata, ya sauke ta a ƙofar ɗakin yara, ya tambaye ta ƙarfe nawa zai dawo.