Ƙoƙon Kai Talatin, Ƙofa Ɗaya

"Kwanta, Mama! Kar ki motsa!"

Da tsakar rana Oga da Dogo suka kutsa ɗakin ajiya na gidan tarihi. Wani attajiri ne ya aiko su ɗauko ƙoƙon kan wani tsohon dangin ɗan Adam, wanda ya daɗe a ƙasa har ya zama dutse. Tsohuwar da ke haɗa ƙasusuwa kaɗai suka tarar. Oga ya ture tiren yashin da ke gabanta, ya watse a ƙasa.

Garam! Ƙofar ƙarfe ta rufe kanta. Ba mariƙi ta ciki, ba taga.

"Buɗe!"

"Ɗana, daga waje ake buɗe ta."

Dogo ya kira direbansu. Can a bakin titi direba ya ji jiniya, ya dubi wayar, ya kashe ta, ya taka mota.

"Oga, ɗan iskan ya fece!"

A kan kantar jikin bango ƙoƙon kai talatin ne a jere, duk sun zuba musu ramukan ido.

"Wanne ne na gasken? Da shi zan yi garkuwa in fita!"

"Duk kwafi ne, na koyar da ɗalibai."

"Ƙarya!"

Oga ya maka ɗaya da ƙasa. Farin gari ya tashi. Ya maka na biyu, na uku. Dogo ya yi dariyar tsoro.

"Oga, kakanninka fa kake fasawa."

"Rufe min baki!"

A waje 'yan sanda sun cika baranda, suna jiran mai makulli. Oga ya ji takunsu. Ya auna ƙofar da bindiga.

"Kar ka harba, ɗana, ƙarfe ne..."

Tau! Harsashin ya dawo. Dogo ya zauna a hankali, hannu a wuya. Tsohuwar ta danne raunin da mayafinta har numfashinsa ya tsaya.

Da aka buɗe, Oga bai ko ɗaga bindiga ba. Ana sa masa ankwa ya waiwayo.

"Mama, don Allah, ina na gasken?"

Ta nuna yashin da ya watsar tun shigowarsa. Gutsattsarin dutse ne masu launin ƙasa, sawun takalminsa a kansu.

"Shekara tara ina haɗa shi. Saura haɓa kawai."

Ta wanke hannunta, ta durƙusa, ta fara tsinta ɗaya bayan ɗaya.