Tayar Gaba ta Hagu

Motar ƙungiyar ƙauye tana kwance a kan gefenta cikin magudanar ruwa lokacin da 'yar sanda Saja Kamata Noriko ta iso. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya kai wa 'yan kwana-kwana gwiwa, sai ihu suke a miƙo igiya. Tsofaffi shida ne a ciki, za a kai su gidan yinin tsofaffi a Nayoro kamar kowace safiya. An ciro biyar suna nishi. Ta shidan, Nukui Tome mai shekara tamanin da huɗu, da mayafi a fuska aka fito da ita.

Direban, Hatakeyama Genzo, yana durƙushe a bakin titi, goshinsa a kan kwalta.

"Baba Genzo, tashi mana," in ji Noriko.

"Ni ne. Ni na kashe ta. Ku tafi da ni."

Ta bar shi ta zagaya motar. Tayar gaba ta hagu ce ta fashe a kan kwana. Ta waje zanenta lafiya lau. Da ta tsuguna ta zura hannu ta ciki, sai waya ta soke ta a yatsa. Gefen ciki ya cinye tas, har wayoyi sun fito kamar gashin tsohon burushi.

Kafin tsakar rana Sufeto ya gama yanke hukunci. "Tsoho ɗan shekara saba'in da ɗaya, ya ɗaura ruɓaɓɓiyar taya, ya kuma amsa da bakinsa. Me ya rage? Ƙarfe shida nake son takardun a kan teburina."

Noriko ta san abin da ke cikin takardun nan: kurkuku ga mutumin da ya shekara sha biyu yana ɗaukar tsofaffin ƙauyensu ba tare da ya karɓi ko yen ɗaya ba. Ba zai fito da rai ba.

Ta same shi a ɗakin tambaya, shayin da aka ba shi ya huce.

"Yaushe ka cire tayoyin sanyi, na tafiya a kan ƙanƙara?"

"Kwana biyar ke nan. Bana ƙanƙara ta narke da wuri."

"Wa ya ɗaura na bazara?"

"Ni. A rumbun ƙungiyar ƙauye, inda kowa ke ajiye nasa."

"Ka duba su?"

Ya sunkuyar da kai. "Na duba su da kaka kafin in ajiye. Ɗaya bayan ɗaya, na rubuta wa kowace wurinta da alli. Wancan makon kuwa, rumbun da duhu, idona kuma kin san shi. Allin kawai na bi."

"Iska fa?"

"Kullum safe nake aunawa. 'Yata, ki daina wahalar da kanki. Ba zan iya haɗa ido da ɗanta ba. Gara kurkukun."

"Su wa ke da makullin rumbun?"

"Ni, da Obara mai taya, da Shoji sakataren ƙungiya. Ɗan marigayiya."

Ta ɗauki fasasshiyar tayar a bayan mota ta nufi shagon Obara. Ta tarar da shi yana cin taliya a tsaye.

"Ah, ga hukuma. Kin zo kama ni ne ko kin zo shan iska kyauta?"

"Ya danganta da amsarka, Kawu. Kai ka sayar wa ƙungiya wannan?"

Ya ajiye kwanon. Ya mirgina tayar, ya shafa ta da tafin hannu, wasan ya bar fuskarsa.

"Huɗu na sayar musu bara, sababbi dal. Wannan ta girme su da shekara uku, ga lambar shekararta a jiki. Kuma duba nan. Da ƙarancin iska ne, gefe biyu za ta ci. Da yawan iska ne, tsakiya. Gefe ɗaya kaɗai, na ciki? Ƙafar mota ce ta karkace. Wani ya daki kwalbati ya ƙi kawowa a saita."

"Ko ƙafar motar ƙungiyar ce."

"Yanzu da ta mokaɗe wa zai iya aunawa?"

"Kai fa? Kana da makulli."

"Ni da ke kwana a kan tayoyi ɗari uku zan je satar guda? Leƙa ki ga motata, ƙafarta ta ninka wannan."

Ta leƙa. Gaskiya ya faɗa.

Rumbun ƙungiyar yana bayan makarantar da aka rufe. Tayoyi a jere jibgi-jibgi, kowane gida da nasa layin. Ta gano tayoyin sanyin da Genzo ya cire, ta jawo wadda aka rubuta wa gaba hagu zuwa bakin ƙofa, inda akwai haske. Ta auna zanen waje, ta auna tsakiya, ta auna ciki. Duk ɗaya ne.

Ta daɗe a tsugune a wurin. Ajinsu ɗaya da Shoji tun firamare. Tome ce ta koya mata naɗa dunƙulen shinkafa.

Ƙarfe huɗu ta isa gidan Nukui. Maƙwabta sun cika ɗaki, ƙamshin turaren tsinke har waje. Ba ta shiga ba. Ta wuce inda motar dankalin Shoji take, irin ta ƙungiyar sak, ta tsuguna a gaba ta hagu. Tayoyi uku tsofaffi, wannan kuwa sabuwa. Ta shafa gefen ciki: in ta shafa gaba sumul, in ta shafo baya yana kartar hannu, alamar ya fara ci. A cikin wilin akwai ragowar rawayan alli, rubutun Genzo.

"Nori."

Shoji ne a bayanta, cikin baƙar kwat da ta yi masa kaɗan.

"Ka yi haƙurin rashi, Shoji. Yaushe ka daki kwalbati?"

Ya kau da kai daga tayar.

"To bari ni in faɗa. Tayar sanyin motar ƙungiya ta yi wata biyar a ƙafar hagu, ba ta ci gefe ba, ke nan ƙafar motar lafiyarta ƙalau. Tayar da ta fashe kuwa wata takwas ko fiye ta yi a karkatacciyar ƙafa, ba za ta yi haka cikin kwana biyar ba. Daga wata motar ta zo. Mutum uku ke da makulli. Baba Genzo ba shi da mota sai ta ƙungiya. Ta Obara ba girmansu ɗaya ba. Ga taka nan, har ta fara cinye sabuwar taya a daidai inda ta cinye waccan."

Ya zauna a kan buhun taki.

"Aro na yi," ya ce. "Zan kai irin dankali Asahikawa, na ga waya ta fito. Na ce kwana biyu ne, in mayar."

"Me ya hana ka tambaya?"

"Sakataren ƙungiya, a ji yana roƙon taya? Kin san bakin mutanen nan. Sai na tura tawa a gurbin, na rubuta mata alli, don kar a ga giɓi. Ban zaci zai canza da wuri ba."

"Da ya canza fa?"

"Na gani. Ranar farko na gane ta."

"Kwana biyar, Shoji."

"Kullum safe nakan ce yau zan gaya masa. Sai ya tsaya a ƙofa, ya yi min gaisuwa, ya ce ina Kaka." Ya juya ya dubi gidan. "Ni nake riƙe hannunta in hau da ita. A hagu take son zama, ta riƙa kallon gonaki. Ni nake ɗaura mata bel."

Noriko ta buɗe masa ƙofar motarta. Bai nemi ya koma ciki ya yi sallama da gawar ba.

Shida saura kwata ta ajiye takardun, da wani suna daban a kai. Sufeto ya karanta, ya ce a saki tsohon. Genzo bai yi murna ba. Da aka gaya masa wanda ya yi, sai ya ce, "Da kun bar ni a ciki, da yanzu ta tafi tana da ɗa." Ya ƙi a kai shi a mota. Ya sa hularsa ya kama hanyar gida a ƙafa, kilomita huɗu.

Tana wanke raunin yatsarta wani mutum ya turo ƙofar ofishin. Dogo ne, fuskarsa ta sha iskar teku, hannunsa na dama a cikin aljihun riga. Ba ta taɓa ganinsa ba.

"Nan aka tsare direban da ya kashe Nukui Tome?"

"An sake shi. Wane ne kai?"

"Babban ɗanta. Shekara talatin rabona da garin nan." Ya juya. "Ba komai. An riga an kwatanta min gidansa."

"Tsaya! Ba shi ba ne, ka saurare ni!"

Kafin ta zagayo tebur, motarsa ta hau titin da Genzo ya bi.